Yadda Ake Auna Raguwar Iskar Ozon a Ƙuryoyin Duniya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan 16 ga Satumba ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don tunatarwa a kan kare iskar ozon, sai tambayoyi su yi ta zuwa mini a matsayina na mai koyar da kimiyya a nan Gombe. Wasu daga ɗalibai suke fitowa, wasu daga abokan aiki, wasu kuma daga majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Na fi tsawaitawa a kan batun awo, domin nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne ba a cika yi wa mutane bayani ba.

Malam, mece ce ozon ɗin nan, kuma a ina take?

Oksijin da muke shaƙa ƙwayoyi biyu-biyu ne a manne. Idan suka zama uku, an sami ozon. Kusan kashi 90 cikin ɗari nata yana can sama a hawan sararin da ake kira sitiratosfiya, kuma ta fi yawa tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa. Aikinta tare mafi yawan hasken rana mai cutarwa, wato UV, wanda ke ƙona fata, ya jawo sankarar fata da yanar ido, ya kuma nakasa tsiro. Faransawa biyu, Charles Fabry da Henri Buisson, su suka fara tabbatar da wannan shimfiɗa a 1913.

Akwai kuma ozon ta ƙasa-ƙasa, wadda ke samuwa idan hasken rana ya bugi hayaƙin motoci da janareta da ƙonon daji. Waccan gurɓata ce mai cutar da huhu, ba ita muke magana a kai ba.

Da wane ma'auni ake auna abin da ba a gani?

Da awon Dobson, wanda ake taƙaitawa DU. Sunan Gordon Dobson ne, malami a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda ya ƙera na'urar awon tun a shekarun 1920. Ana ɗaukar duk ozon da ke saman wuri guda, daga ƙasa har ƙololuwa, a lissafa kaurin da za ta yi da za a sauko da ita ƙasa a matse. A matsakaicin duniya kaurin bai wuce milimita 3 ba, wato DU 300. Duk yankin da awonsa ya faɗi ƙasa da 220, shi ake sakawa cikin "ramin ozon". An zaɓi 220 ne saboda kafin 1979 ba a ganin awo ƙasa da haka a kan Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙuryar kudu ta duniya.

Dabarar na'urar Dobson mai sauƙi ce. Tana kallon rana, ta ware nau'i biyu na hasken UV masu kusanci da juna: ɗaya ozon na shanye shi sosai, ɗayan kuwa kaɗan take taɓa shi. Idan aka kwatanta ƙarfin da kowanne ya iso ƙasa da shi, bambancin zai nuna yawan ozon da hasken ya ratsa. Har yau ana amfani da irin wannan na'ura, da ƙanwarta mai suna Brewer, kuma da su ake gwada gaskiyar abin da tauraron ɗan'adam yake faɗa.

Babu masana'anta a Antatika, babu firiji. Me ya sa a can ɓarnar take?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ta ɗaure wa masana kai su ma a farko. Sinadaran CFC da aka riƙa sakawa a firiji da gwangwanin feshi ba sa narkewa a ruwan sama, ba sa ruɓewa a ƙasa. Wanda ake kira CFC-11 yakan yi shekara 50 da wani abu a sarari, CFC-12 kuwa kusan 100. Don haka iska tana da isasshen lokacin da za ta watsa su ko'ina, ta hau da su sama, inda hasken UV zai farfasa su ya saki kulorin. Tun 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi a kan haka.

To amma yawancin kulorin ɗin a ɗaure yake cikin wasu sinadarai biyu da ba sa taɓa ozon. Sanyi ne ke kwance shi. Da rana ta ɓace a hunturun ƙuryar kudu, wato lokacin da mu muke tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, sai wata iska mai tsananin gudu ta yi zobe a kan nahiyar, ta killace iskar ciki ta hana ta cuɗanya da ta waje. A cikin zoben sanyi yakan kai digiri 78 ƙasa da sifiri, har ya zarce. A nan ne wani irin gajimare yake haɗuwa a sitiratosfiya, wurin da a al'ada bushewarsa ba ta barin gajimare. A jikin ƙwayoyin wannan gajimare ne sinadaran nan biyu suke haɗuwa su saki kulorin. Yana nan a tare cikin duhu, sai rana ta leƙo a ƙarshen Agusta da Satumba, haskenta ya tsinka shi, ya shiga cin ozon. Ƙwaya ɗaya ta kulorin tana iya lalata dubban ƙwayoyin ozon, domin bayan kowace ɓarna takan fito lafiya ta koma kan wata. Buromin, wanda ke fitowa daga wasu sinadaran kashe gobara, yana taya shi.

Sai abu huɗu sun haɗu ke nan: kulorin, killacewa, sanyi, sannan hasken rana. Hunturu ke shirya ɓarnar, fitowar rana ke aiwatar da ita. Susan Solomon, wata masaniya Ba'amurkiya, tana cikin waɗanda suka fara kawo bayanin gajimaren, kuma ita ta jagoranci tawagar da ta je tashar McMurdo a 1986 don dubawa. A 1987 aka tayar da jirgin ER-2 mai tashi can ƙololuwa daga Punta Arenas ta ƙasar Chile, ya kutsa cikin zoben. Awon da ya dawo da shi ya nuna duk inda kulorin mai aiki ya hau, ozon ta sauka. Daga nan gardama ta yi sauƙi.

Wa ya fara ganin ramin?

Turawan Ingila uku ne na hukumar binciken Antatika ta Birtaniya, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka wallafa shi a mujallar Nature a watan Mayun 1985. Tasharsu ta Halley tana awon ozon da na'urar Dobson tun wajen 1957. Awon Oktoba da a da yake wajen 300 ya gangaro zuwa wajen 200. Wani Bajapane, Shigeru Chubachi, shi ma ya ga raguwar a tashar Syowa a 1982.

Abin da ke burge ni a labarin shi ne, a lokacin akwai tauraron ɗan'adam na Amurka, Nimbus-7, yana shawagi tun 1978 da na'urar awon ozon. An tsara kwamfutar da ke tace bayanansa ta sa alamar tuhuma a kan duk awon da ya yi ƙasa fiye da kima, saboda ba wanda ya zaci hakan zai yiwu. Da aka koma aka bi lambobin, sai ga rami ya rufe nahiya. Tsohuwar na'ura da littafin rubuta awo na kusan shekara 30 su suka riga shi magana.

An ce a can wata da watanni rana ba ta fitowa. Ta yaya ake awo cikin duhu?

Nan ne matsala ta farko. Na'urar Dobson tana buƙatar haske, haka ma yawancin taurarin ɗan'adam da ke zana taswirar ramin, irin su na'urar OMI a kan tauraron Aura da aka harba a 2004, da TROPOMI ta Turai ta 2017. Hasken ranar da sarari ya maido suke aunawa. Shi ya sa idan ka dubi ɗanyen hotonsu na tsakiyar hunturu za ka ga fili a tsakiya babu bayani.

Hanyoyin zagayewa suna nan. Idan wata ya cika kuma sama ta washe, ana iya juya na'urar Dobson ta kalli farin wata, ko da yake awon bai kai na rana inganci ba. Tauraron Envisat na Turai, daga 2002 zuwa 2012, yana da na'ura mai kallon taurari yayin da suke faɗuwa ta bayan sararin duniya, ta auna abin da ozon ta shanye na haskensu. Akwai masu harba hasken leza sama daga ƙasa su auna abin da ya dawo. Wadda ta fi amfani a duhu ita ce na'urar da ake kira MLS, ita ma a kan Aura. Ba ta jiran rana, tana sauraren siginar da ƙwayoyin iska suke fitarwa da kansu, kuma ban da ozon tana auna kulorin mai aiki da wanda ke ɗaure, hawa-hawa. Sai kuma balan-balan.

Balan-balan kamar na wasan yara?

Babba ne, ana cika shi da iskar hiliyam ko haidurojin. A ƙasansa ake ɗaura wani ɗan akwati na farin soso mai riƙe ɗumi. A ciki akwai ƙaramin famfo mai aiki da batir, yana zuƙo iskar waje ta wani siririn bututu ya hura ta cikin ruwan sinadari mai ɗauke da ayodin. Duk ozon da ta shiga ruwan sai ta haifar da ɗan lantarki, kuma yawan lantarkin ke nuna yawan ozon. Wata 'yar rediyo tana aiko da lambar ƙasa, haɗe da sanyi da nauyin iska da inda aka kai. Yana hawa kamar mita 5 a daƙiƙa, cikin sa'a biyu ya kai kilomita 30 zuwa 35, ya kumbura ya fashe.

Kafin a sake shi sai an gwada famfon, an auna yawan iskar da yake ja, an hura masa iska marar ozon don a ga lambar da yake bayarwa in babu komai. Kuskure kaɗan a nan zai bi awon har sama. A tsakiyar hunturu roba takan sandare ta fashe tun ba a je ko'ina ba, don haka a tashar Amurka da ke tsakiyar ƙuryar kudu sukan koma balan-balan na leda. Tun 1986 suke wannan aiki ba yankewa.

Fifikon balan-balan shi ne yana nuna hawan da ɓarnar take. Da shi aka ga cewa a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, tsakanin kilomita 14 zuwa 21, ozon takan kusan ƙarewa ƙaf a kan Antatika, alhali sama da nan da sauranta. A Afirka ma ana sakin irinsa, misali a Nairobi.

To idan an auna a farkon hunturu an auna a ƙarshe, ba sai a ɗebe ba kawai?

Da haka ne da aiki ya yi sauƙi. Iskar da ke saman tasha yau ba ita ce ta makon jiya ba. Zoben yana juyawa, yana karkata, yana miƙewa, wani lokaci tasha tana cikinsa yau, jibi tana waje. Sannan a duk tsawon hunturu iskar cikin zoben tana sauka a hankali saboda sanyi, tana sauko da ozon mai yawa daga sama. Kamar rumbu ne da gara ke ci ta ƙasa, wani kuma yana ƙara hatsi ta sama: in ka leƙa ka ga bai ragu sosai ba, wannan bai gaya maka abin da gara ta ci ba. A ƙuryar arewa, wato Aktik, wannan ƙari yana da yawa har yakan ɓoye ɓarnar. Ana iya cin kashi ɗaya cikin huɗu na ozon, jimillar awo ta fito kamar ba abin da ya faru.

Masana suna da dabaru uku da suka fi dogara da su.

Ta farko ana kiranta Match, kuma masu bincike na Jamus ne suka ƙware a kanta tun farkon shekarun 1990. A saki balan-balan, misali a Ny-Ålesund da ke tsibiran Svalbard na Norwe. Sai a yi amfani da bayanan iska a lissafa inda wancan curin iska da ya ratsa zai bi. Idan lissafi ya nuna bayan kwana biyar zai bi ta saman Sodankylä a Finlan, ko wata tasha a Kanada, sai a aika musu saƙo su saki nasu a sa'a kaza. An auna iska ɗaya sau biyu ke nan. Awo biyu kaɗai ba abin dogaro ba ne, amma idan aka tara ɗaruruwa daga tashoshi masu yawa, a jera su bisa yawan sa'o'in da kowace iska ta sha rana a hanya, sai abin ya fito sarai: wadda ta fi shan rana ta fi asara, wadda ta zauna a duhu kusan ba ta rasa komai ba. A ganina wannan ce hujja mafi gamsarwa, domin ta raba aikin sinadari da aikin iska a fili.

Ta biyu ita ce a sami abokin tafiya. Akwai iskar da kulorin bai dame ta ba kuma tana daɗewa, kamar naitiros oksaid da ke fitowa daga ƙasar noma, ko mitan. A farkon hunturu a rubuta cewa duk inda wannan iska take kaza, ozon kaza ce. Saukar iska tana tafiya da su biyun tare. In an dawo a Maris, ƙarshen hunturun arewa, aka tarar abokin tafiyar yana nan yadda yake amma ozon ta gaza abin da ya kamata, giɓin na sinadari ne. Rauninta shi ne idan iskar waje ta kutso cikin zoben, lissafin yakan gurɓace.

Ta uku a kwamfuta ake yin ta. A zuba mata awon ozon na farkon Disamba da ainihin iskar da aka yi kowace rana, amma a hana sinadarai aiki. Abin da ta bayar a Maris shi ne yadda ozon za ta kasance da ba a ci ta ba. A ɗebe awon gaskiya, saura shi ne ɓarna.

Babu wadda ba ta da aibi a cikin ukun. Ana yarda da sakamako ne idan hanyoyin da ba su dogara da juna ba suka faɗi kusa da juna.

Me ya sa aka fi jin labarin kudu?

Antatika teku ne ya kewaye ta, ba abin da ke tare wa iska hanya, don haka zobenta yana da ƙarfi da sanyi, yana kaiwa Nuwamba ko Disamba bai watse ba. A arewa akwai manyan duwatsu irin su Himalaya da Rocky, ga bambancin tudu da teku, suna tayar da igiyoyin iska da ke hawa su girgiza zoben, wani lokaci su ɗumama shi farat ɗaya a tsakiyar hunturu. Shi ya sa kudu take samun rami kowace shekara, arewa kuwa sai shekarar da sanyi ya daɗe. Ramin kudu na 2000 da na 2006 sun kusan kilomita murabba'i miliyan 30, kusan faɗin Afirka baki ɗaya. A arewa, 2011 da 2020 ne suka yi fice. A 2011 an rasa sama da kashi 80 cikin ɗari a tsakanin kilomita 18 zuwa 20, a 2020 kuma ɓarnar a wannan hawa ta zarce haka.

Kudu ma takan yi ba-zata. A 2002 zoben ya rabe biyu a Satumba, a 2019 kuma ɗumamar sama ta sa aka sami ƙaramin rami ƙwarai.

Zafin da muke sha a Gombe a Maris da Afrilu, ramin ne ya jawo?

A'a, Alhaji. Ramin ba ya samanmu, kuma ba ya kawo zafi. Lokacin ɓarnar arewa ya zo daidai da shigowar bazararmu ne kawai. Gombe da Bauchi suna wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, rana takan tsaya a tsakar ka a wajen tsakiyar Afrilu, ga ƙasa a bushe, ga babu gajimare. Ƙarin zafin da ake gani shekara da shekaru kuwa batun ɗumamar yanayi ne, wanda hayaƙin man fetur da gawayi da sare itatuwa ke jawowa. Inda suka haɗu shi ne CFC su ma suna riƙe zafi, don haka hana su ya taimaka ta fuska biyu.

Sai dai ozon ɗin samanmu dama can ba ta da kauri, takan tsaya tsakanin 250 da 280. A yankinmu na tsakiyar duniya aka fi ƙera ta, amma iskar sama tana kwashe ta zuwa ƙuryoyi. Ga kuma rana a miƙe. Saboda haka hasken UV a nan yana da ƙarfi ko da rami ko babu. Zabiya su suka fi shiga haɗari, kuma iyayensu su kula da malafa da riga mai dogon hannu da man kare fata, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Manomi da ɗan acaɓa su ma idanunsu na buƙatar kariya.

Ni mai gyaran firiji ne a Jekadafari. Ina ruwana da Antatika?

Da ruwanka, Oga, domin gas ɗin ta hannunka yake bi. Duba 'yar takardar da ke bayan firiji ko a jikin kwamfiresa. In ka ga R12, CFC ne tsantsa, irin na tsofaffin firiji 'yan gwanjo. R22 na tsofaffin iyakwandishan yana cin ozon shi ma, amma bai kai R12 ba. R134a da R410A ba sa taɓa ozon, sai dai suna ɗumama duniya sosai. R600a na sababbin firiji ba ya cin ozon kuma ɗumamarsa kaɗan ce, amma yana kama wuta, don haka kada a kusanto da wutar walda sai an tabbatar bututun ya wofinta kuma iska na ratsa shagon.

Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya ta shiga a 1988, ta sa ƙasashe masu tasowa su daina shigo da CFC daga 2010, R22 kuma ana janye shi a hankali zuwa 2030. Gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 ya shigo da irin su R134a cikin jerin waɗanda za a rage. Akwai ofishin kula da ozon a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ke bin wannan aiki. Abin da ke hannunka shi ne toshe yoyo kafin cikon gas, da zuƙe tsohon gas cikin tukunya in kana da injin, maimakon a yanke bututu a bar shi ya tsiyaye.

Ramin yana warkewa? In haka ne, me ya sa ake ci gaba da kashe kuɗi a kan awo?

Yana warkewa, a hankali. Rahoton masana na 2022 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar ya yi hasashen komawa matsayin 1980 a wajen 2040 ga yawancin duniya, 2045 ga Aktik, 2066 ga Antatika, muddin aka ci gaba da bin yarjejeniya.

Amma kulorin yana raguwa ne kaɗan-kaɗan a shekara, alhali sanyin wannan hunturu da na wancan suna iya bambanta ƙwarai. Ƙaramin rami na shekara ɗaya ba waraka ba ne, babba na shekara ɗaya ba koma-baya ba ne, sai an jera shekaru. Ga kuma abubuwan da ke shigowa ba shiri: aman dutsen Pinatubo na 1991, hayaƙin gobarar dajin Ostireliya ta ƙarshen 2019 da farkon 2020, da tururin ruwan da dutsen Hunga Tonga ya watsa sama a Janairun 2022. Sannan a 2018 masu awon iska suka lura CFC-11 ba ya raguwa yadda ya kamata. Aka bi sawu, aka gano wani kaso mai yawa yana fitowa daga gabashin Sin, aka matsa, fitarsa ta ragu. Ba don tashoshin awo ba, da ba wanda zai sani.

Ni ɗaliba ce, ina son yin aikin makaranta a kan wannan. Ta ina zan fara?

Hukumar NASA tana da shafin Ozone Watch a intanet, inda take saka taswirar kowace rana da lambobin shekaru tun 1979, kyauta, kuma waya ta isa. Kada ki ɗauki rana ɗaya. Ki ɗauki mafi ƙarancin awo na kowace shekara da mafi girman faɗin ramin, ki zana su a takardar giraf. Ki sa alama a 1987, da 2002, da 2019. Sannan ki nemo lambobin sanyin sitiratosfiya na waɗannan shekaru a shafin, ki ɗora su a gefe, ki rubuta wace hawa da sauka ce sanyi ya bayyana, wacce ce kuma bai bayyana ba.